Kilina ya fara ƙagewa da safe, wane garin gaɓɓai zan saya masa?

MaiKili_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki. Shawara nake nema a kan kilin da marigayi mahaifinmu ya bar mana. A lissafinmu bana shekararsa 17, don yana dukushi Baba ya sayo shi. Tun bayan hawan Babbar Sallah na lura in an kwance shi daga turke da asuba ƙafafunsa na baya a ƙage suke, jan su yake yi, har bakin kofaton baya ya fara cinyewa saboda gogar ƙasa. In ya taka na kamar minti ashirin sai ya sake, ka rantse lafiyarsa lau. Da sanyin nan ya shigo abin ya ƙaru. Jiya yaro ya ɗaga masa ƙafar hagu ta baya zai share kofato, sai da ya yi nishi ya nemi fizgewa.

Ƙanena da ke Duwala ya turo min hoton robobi uku na garin da ake barbaɗa wa doki a abinci saboda gaɓɓai. Ɗaya an rubuta gulukosamin da kondiroyitin, ɗaya MSM zalla, na ukun ya haɗa su duka har da wani hiyaluronik. Mai araha sefa 28,000, mai tsadar ya kusa 70,000. Wanne zan ce ya sayo? Akwai wanda ya taɓa gwadawa ya ga amfani? Dokin nan in na dube shi Baba nake gani a kan sirdi, ba na son ya ƙare yana wahala a hannuna.

Butik_Kuseri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Na ukun za ka ɗauka, kada ka tsaya dogon tunani. Araha ba ta ado. Irinsa masu dawakin Njamena ke tsallako gadar Ngeli suna saya a wurina, kuma suna dawowa.

Zagi_Gidar:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Alhaji, kafin maganar gari, yaushe rabon da a yanke masa kofato? Namu akawal ya yi irin wannan jan ƙafar, ashe gaban kofaton ne ya yi tsawo ya koma kamar cokali. Da aka daidaita masa sau biyu, rabin matsalar ta tafi.

MaiKili_Garwa:
Amin, na gode. Gaskiya an kwana biyu. Mai yi mana ya koma ƙauye tun damina.

Baba_Shamaki:
Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Ɗana, na san irin dokin da kake magana. Shekara arba'in da wani abu ina barga, tsofaffin dawaki da yawa sun tsufa a hannuna. Tambayata ta farko, awa nawa yake yi a ɗaure a turke? In daga la'asar ne har wayewar gari, da dabaibayi a ƙafa, to ko dukushi ne zai tashi a ƙage, balle mai shekara goma sha bakwai. Tsohon doki kamar tsohon mutum ne, ni da nake maka magana in na daɗe a zaune sai na dafa bango nake miƙewa.

Ka cire masa dabaibayi. In gidanku da fili, ka kewaye masa wuri ya riƙa zagayawa da kansa cikin dare. Ka zuba masa yashi mai kauri a makwancinsa, yashin bakin Binuwai yana kusa da ku, kada ya kwana a kan daɓe ko siminti. Da daddare ka rufa masa bargo a kan gindi da cinyoyi. Kullum da safe, in rana ta ɗan fito, a ja shi da ragama, tafiya kawai ba sukuwa ba, kuma ba mai hawa. Mu a da muna dafa sassaƙen hano mu gasa gaɓar da ruwan da ɗuminsa, sannan mu murza man kaɗe. Garin roba ban san shi ba, ba zan zage shi ba. Amma ko na zinariya ne, in ka bar shi a turke ba zai yi masa komai ba.

LikitanDabbobi_Marwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa a kan motsi da yashi shi ne abin da aka koya mana a makaranta, ba ragi.

Alhaji, alamun da ka lissafa (tsufa, ƙagewa da safe, sakewa bayan tafiya, jan kofaton baya, ƙin a lanƙwasa ƙafa) sun yi kama da amosanin gaɓa, musamman babbar gaɓar nan mai kusurwa ta ƙafar baya. Amma kama na ce, don ban taɓa dokin ba. A cikin gaɓa, bakin kowane ƙashi yana da guringuntsi mai santsi, da wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gogar juna. Da shekaru da aiki guringuntsin yana cinyewa, ruwan ya tsinke, ƙashi ya fara tsiro a gefe. Abin da ya cinye ba ya dawowa. Duk wanda ya ce maka garinsa zai mayar da gaɓa sabuwa, bai gaya maka gaskiya ba. Abin da muke nema shi ne a rage zafi, a kuma rage saurin lalacewar.

Su waɗannan garurrukan, ƙarin abinci ne, ba magani ba ne, saboda haka ba a tilasta wa masu yin su gwajin da ake tilasta wa masu yin magani. Abu biyu nake so ka sani. Na ɗaya, gulukosamin da doki ya ci ta baki, wanda ke shiga jininsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Na biyu, a 2006 masu bincike a Kanada sun auna garurruka 23 na gulukosamin ɗin dawaki da ake sayarwa a kasuwa. Guda 9 abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta a jikin robar ba, 4 daga ciki ma abin da ke cikinsu bai kai kashi 30 cikin 100 na abin da aka rubuta ba. Wannan a can ke nan, inda ake sa ido. Ban ce ba su da amfani kwata-kwata ba, akwai gwaje-gwajen da suka nuna ɗan sauƙi, akwai waɗanda ba su nuna komai ba. Ni dai a jerin abubuwan da zan kashe wa dokin nan kuɗi, gari ne na ƙarshe.

Yaro_Barga:
Yallaɓai ku kai shi Bokle mana, ai nan kusa ne da Garwa, can likitocin suke.

LikitanDabbobi_Marwa:
Ƙanena, LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Bokle, babban aikinsu haɗa allurar rigakafin dabbobi da gwajin jini da samfura. In ana zargin cutar kaska ko sammore, gwajinsu zai yi amfani. Amma ɗingishi ido da hannu yake so. Alhaji ya je ofishin kiwo na yankinsu ya nemi likita ya zo gida. Zai sa a yi sassarfa da dokin a ƙasa mai tauri, ya riƙe ƙafar a lanƙwashe na kamar minti ɗaya ya saki a sake sassarfa, ya matsa kofato ya ji ko da zafi, ya shafa baya inda sirdi ke zama. Sau da yawa daga nan ake gane inda ciwon yake.

Zagi_Gidar:
Ni kuwa ina da tambaya. Mahaifiyarmu tana shan gulukosamin na mutane saboda gwiwa, a farmasi muke saya. Ba za a iya daka wa doki irinsa ba? Ya fi sauƙin samu.

Hajiya_Farmasi_Ngaundere:
Malam Zagi, sinadarin ɗaya ne, lissafin ne zai ba ka tsoro. Awon da aka saba ambata wa doki shi ne miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, shi ya sa za ka ga ana cewa giram 10 ga dokin Turai mai kilo 500. Namu ba su kai haka ba, galibi 300 da ɗoriya ne. In kana son sanin nauyin ba tare da sikeli ba, ka ɗauki awon tela. Ka zagaye ƙirjinsa daidai inda majayi ke bi, sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. Zagayen ƙirji sau zagayen ƙirji sau tsawo, ka raba da 11,877. Misali ƙirji 160, tsawo 145, zai ba ka kilo 312. To wannan dokin giram 6 da 'yan kai yake buƙata a rana, ƙwaya 12 ke nan in mai miligiram 500 ce. Sati takwas, ƙwaya 672. Ka tambayi kuɗin kwali ɗaya ka ninka.

Alhaji MaiKili, don Allah ƙaninka ya juya robobin ya ɗauko hoton bayansu, inda aka jera abin da ke cikin kowane cokali. Gaban roba talla ce, a baya gaskiya take.

MaiAmalanke_Yagwa:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba mai dokin hawa ba ne, amalanke nake ja da goɗiya. Amma abin da ya same ni zai iya amfanar wani. Shekara biyu da suka wuce goɗiyata ta fara ɗingishi, yau ƙafar dama, jibi ta hagu, gata ta baya. Tafiya take kamar tana taka ƙaya. Kowa ya ce sanyin ƙashi ne. Na saya mata wani gari a kasuwa, na yi mata allurai, babu sauƙi. Wata rana ina wanke mata fuska na ji ƙashin hancinta, tsakanin ido da hanci, ya kumbura ta kowane gefe, in na danna kamar ya ɗan lotsa. Tauna ma ta zama mata aiki, abinci na zubowa daga bakinta.

Wani likita da ya zo rigakafin shanu ya kalle ta, tambayarsa ɗaya, me take ci? Na ce dusar shinkafa, safe da yamma, don mu nan Yagwa ita ce mai araha, sai ɗan dawa. Harawa fa? Na ce ta yi tsada na daina. Ya ce to dusar ce ke zuƙe mata ƙashi. Ya sa na rage dusa sosai, na koma harawar gyaɗa da ta wake, ya rubuta min garin kalsiyam irin wanda masu kiwon kaji ke sa wa abinci, ya ce ta huta da amalanke. Wata huɗu na yi ina hayar jaki. Yanzu tana aiki, fuskar dai ba ta koma daidai ba. Alhaji ka shafa fuskar kilinka, ka kuma gaya mana me yake ci.

MaiKili_Garwa:
Subhanallahi. Dusar masara da gero muke ba shi, mudu uku a rana, har na ƙara masa kwanan nan don na ga ya rame. Harawa sai jefi-jefi. Na fita yanzu na shafa fuskar, ban ji kumburi ba, alhamdu lillahi.

LikitanDabbobi_Marwa:
Malam na Yagwa, Allah ya saka da alheri, ka kawo abin da na manta. Cutar nan sananniya ce a duk inda ake cika wa doki dusa. Kalsiyam da fosforos sinadarai ne da ke gina ƙashi, kuma jikin doki yana son kalsiyam ɗin da ke cikin abincinsa ya rinjayi fosforos, kamar kashi biyu da ɗaya, ko ɗaya da rabi da ɗaya. Dusa da hatsi kuwa a juye suke, dusar alkama fosforos ɗinta ya ninka kalsiyam kusan sau goma, ta shinkafa ma haka take ko fiye. In jini ya rasa kalsiyam sai jiki ya riƙa ɗebowa daga ƙashi. Ɗingishi mai yawo daga ƙafa zuwa ƙafa yakan riga kumburin fuska bayyana, don haka rashin kumburi bai wanke dusar ba. Harawar gyaɗa da ta wake suna da kalsiyam sosai, su ne maganin gida. Alhaji, ko da amosani ne ke damun kili, gyara abincin zai taimake shi. A hankali za ka sauya, cikin sati ɗaya zuwa biyu, kada cikinsa ya ɓaci.

Yaro_Barga:
Amma ai muna ba su kanwa, ba ita ce ke ƙarfafa ƙashi ba?

LikitanDabbobi_Marwa:
A'a. Kanwa dangin gishiri ce, sodiyam ne a cikinta, ba za ta maye gurbin kalsiyam ba.

Baba_Shamaki:
Likita, ban yi musu da kai a kan ƙashi ba, kai ka karanta. Amma kada yara su ji haka su daina ba doki kanwa. Dokin da ke zufa a zafin Garwa in bai lasa ba, za ka ga yana cin ƙasa yana lasar bango, ruwa ma ba ya sha sosai. Tun kakanninmu daga tafkin Chadi ake kawo ta saboda dawaki da shanu. A ba shi daidai misali.

ƊanSukuwa_Njamena:
Salamu alaikum daga wannan tsallaken. Na ga an ce mu muke sayen garin nan a Kuseri. Gaskiya ne wasunmu na saya, ni ma na saya. Amma ba a kansa zan yi magana ba, a kan abin da mutum ke komawa gare shi in ya ga garin bai yi sauri ba.

Ina da wani bidi, ingarma, ban taɓa mallakar doki mai zuciyarsa ba. Gwiwarsa ta gaba ta fara kumburi bayan sukuwa. Wani mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwa, ba zan faɗi sunansa ba, ya ba ni wani maganin zafi, fenilbutazon, ya ce in riƙa ba shi safe da yamma. Kwana biyu doki ya miƙe kamar ba shi ba. Na ji daɗi na ci gaba, sati uku cur, cikin watan Afrilu, ga zafi, kuma ban daina fita da shi ba. Ya fara barin abinci. Na buɗe bakinsa na ga gyambo a dasashi da gefen harshe. Sai zawo, sai ƙasan cikinsa ya kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya zauna. Ranar da likita ya zo ya ce hanji da ƙoda sun riga sun taɓu. Kwana huɗu ya ƙara. Da hannuna nake zuba masa abin da ya kashe shi, ina ganin gata nake masa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Alhaji, kowa ya ce ka ba kili wannan maganin ba tare da likita ya auna ba, kada ka karɓa.

MaiKili_Garwa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Wallahi an riga an kawo min shawarar irinsa, da wata allura deksametazon.

LikitanDabbobi_Marwa:
Allah ya ba da haƙuri, Malam. Don kada a fahimce mu a baibai, fenilbutazon magani ne na gaske, kuma a kan zafin gaɓa ya fi duk garurrukan nan aiki nesa ba kusa ba. Matsalarsa tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Da lissafin kilo ake ba da shi, mafi ƙarancin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki, ga doki mai cin abinci mai shan ruwa sosai. Ba a haɗa shi da wani maganin zafi irinsa. Allurarsa a jijiya kawai take shiga, in ta zuba a nama sai wurin ya ruɓe. Deksametazon kuma in aka yi ta maimaita shi yana iya jawo kumburin cikin kofato, wanda ya fi amosani muni. Sannan ina roƙon masu ba dabba taramol don ta jure aiki su ji tsoron Allah.

Modibbo_Gidar:
Ina biye da ku tun farko. Tambayata ga Hajiya, da me ake yin waɗannan sinadaran? Na taɓa jin an ce akwai na alade a ciki.

Hajiya_Farmasi_Ngaundere:
Allah ya gafarta Malam, gulukosamin galibi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samo shi, akwai kuma wanda ake yi daga masara. Kondiroyitin daga guringuntsi ne, na shanu, ko na alade, ko na kifi irin su shak. MSM haɗa shi ake yi a masana'anta, ba dabba a ciki. Kamfanin kirki yakan rubuta tushen a jikin roba. In bai rubuta ba, ba yadda za a yi mai saye ya sani.

Modibbo_Gidar:
Na gode. Hukuncin ciyar da dabba irin wannan magana ce mai tsawo, ba zan yanke ta a nan a gurguje ba. Amma tunda akwai na shanu da na kifi, mutum ya nemi wanda aka bayyana, hankalinsa ya kwanta. Hannunsa ne zai riƙa damawa kullum.

Butik_Kuseri:
Ni dai na ga an taru an mayar da kayanmu kamar na damfara. Shekara shida ina sayarwa. Da ba ya aiki, mutum zai tsallako daga wata ƙasa ya ƙirga kuɗinsa sau biyu sau uku? Likita yana kawo mana binciken Kanada, mu kuma dawakin da ke gabanmu muke gani. Gani ya kori ji.

Hajiya_Farmasi_Ngaundere:
Alhaji na Kuseri, ba wanda ya kira ka macuci, ni ma sayarwa nake yi. Amma ni da kai mun san yadda kaya ke iso mana. Roba ta kwana a mota daga Duwala ko daga Maiduguri, ta zauna a shagon kwano a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, alhali an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi marar laima. Mai saye ya duba ranar lalacewa, ya duba lambar rukuni, ya tabbatar hatimin murfin bai taɓu ba, garin kuma bai dunƙule ba. Wanda ake aunawa a leda ba suna ba takarda, wannan ko kyauta ne a bar shi.

Goggo_Pitowa:
Ni zan goyi bayan mai butik kaɗan. Dokin maigidana, danda ne, ya kai shekara ashirin. Ɗanmu da ke Faransa ya aiko masa da gari mai gulukosamin da MSM da wani abu boswaliya. Ni nake dama masa da ɗan ruwa a cikin abinci don kada ya hure shi da hanci. Mun fara a ƙarshen Janairu, zuwa ƙarshen Maris wallahi dokin da sai an taimaka masa yake tashi daga kwance ya koma tashi da kansa. Idona ya gani.

LikitanDabbobi_Marwa:
Goggo, ban ƙaryata idonki ba, kuma mai yiwuwa garin ya taimaka. Sai dai ki duba watannin da kika ambata. Kun fara cikin tsakiyar hunturu, kun ga sauƙi da zafi ya shigo. Tsohon doki mai amosani yakan sake da kansa in sanyi ya wuce. Shi ya sa yake da wuya a raba aikin gari da aikin yanayi. Wanda zai gwada, ga yadda zan so ya yi: ya fara gyara kofato, abinci da motsi, ya ba su wata ɗaya. Sannan ya ɗauki bidiyon dokin da waya, fitowar farko da safe, a wuri ɗaya, tafiya da sassarfa. Ya fara garin shi kaɗai, da cikakken awo, sati shida zuwa takwas, ya sake ɗauka a daidai wannan lokacin. Ya nuna wa wanda ya san doki amma bai san wanne ne na farko ba. In bai iya bambancewa ba, kuɗin ya koma harawa.

Af, Baba Shamaki, boswaliyar da Goggo ta ambata 'yar'uwar hanonku ce. Ta cikin roba daga ƙaron wata bishiyar Indiya ake yin ta, namu hanon wani jinsi ne a dangi ɗaya.

Baba_Shamaki:
To ka gani. Abin da ke bayan gari an kai shi Turai an dawo mana da shi a roba.

Zagi_Gidar:
Ni abin da ke ci min rai, duk muna maganar magani ba mu taɓo abin da ke lalata gaɓɓan ba. Ku je ku ga hawan angwanci yanzu. Yara su yi hayar doki, su yi ta sukuwa a kan kwalta daga azahar har magariba, su zo a guje su fizgi linzami doki ya yi zamiya ya zauna a kan ƙafafun baya. Dukushin da bai cika shekara uku ba an ɗora masa sirdi da kaya. Yaya gaɓa za ta kai shekara goma?

Yaro_Barga:
Yaya Zagi, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kuma zamiya ai gado ce, a gaban Lamiɗo ma ita ake yi ranar Sallah. In ba mu koya ba wa zai yi gobe?

Baba_Shamaki:
Yaro, gado ce, ni ma na yi ta har gemuna ya yi fari. Amma a kan yashi muke yi, sau biyu ko uku a yini, da dokin da aka yi wata biyu ana masa kilisa kafin Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an sauka a sassauta majayi, a zagaya da shi har zufa ta bushe, sannan a ba shi ruwa. Ku yanzu doki na turke wata uku, ranar biki a kwance shi a hau kwalta.

MaiAmalanke_Yagwa:
Baba, lalas fa? A wajenmu har yanzu in gaɓa ta kumbura wuta ake sa mata.

Baba_Shamaki:
Na yi wa dawaki lalas da hannuna, ba zan ɓoye ba. Wasu sun tashi. Amma da na tsufa na yi tunani, duk dokin da aka yi wa lalas sai ya huta wata biyu kafin gyambon ya warke. Wa ya sani ko hutun ne ya yi aikin? Yau ba zan sa wa kilin marigayi wuta ba.

LikitanDabbobi_Marwa:
Allah ya ja kwana, Baba. In ƙara da cewa gyambon wuta ƙofa ce ga tetanos, cutar da ke sandarar da jiki, kuma doki na cikin dabbobin da cutar nan ta fi saurin kamawa.

MaiKili_Garwa:
'Yan'uwa, na dawo bayan kwana tara. Likita ya zo gida. Da ya lanƙwasa ƙafar hagu ta baya ya saki, kili ya yi taku biyar yana ɗingishi sosai, ta dama kaɗan. Ya ce amosani ne a gaɓar nan ta baya, ya ji ɗan tsiron ƙashi ta ciki. Ya ba da magani na kwana biyar da awonsa. Ya duba baki ya ce haƙoran ciki sun yi kaifi, shi ya sa yake ramewa, ba ƙarancin dusa ba ne. An yanke kofato, an kawo yashi amalanke huɗu, na rushe tsohon akurkin kaji na kewaye masa wurin. Daren farko ina jin takunsa yana zagayawa har na yi barci. Na auna shi yadda Hajiya ta ce, ƙirji 162, tsawo 148, ya ba ni kilo 327.

Hajiya, ga abin da ke bayan robobin. Mai tsadar, kilo ɗaya da rabi ce, cokali giram 30, gulukosamin miligiram 2,000 a kowane cokali. Ta farkon, mai 41,000, kilo ɗaya ce, cokali giram 25, gulukosamin miligiram 6,000, kondiroyitin na shanu.

Hajiya_Farmasi_Ngaundere:
Kilo 327 sau 20, giram 6 da rabi ke nan a rana. Mai tsadar sai ka zuba cokali uku kullum, cokali 50 ne a robar, kwana 16 ko 17 ta ƙare. Ta farkon cokali ɗaya ya kusa isa, za ta kai ka kwana 40. Roba ɗaya da rabi za ta yi maka gwajin sati takwas. In har abin da suka rubuta shi ne a ciki.

Butik_Kuseri:
Amma mai tsadar tana da hiyaluronik, shi ne ke sa ruwan gaɓar yauƙi. Wannan ba a lissafa ba.

ƊanSukuwa_Njamena:
Wanda na ga ya yi aiki da idona shi ne hiyaluronik na allura, wanda likita ke yi a jijiya ko a cikin gaɓar. Na ci ta baki ban shaida ba. Likita, a wannan gefen namu akwai mai yin allurar cikin gaɓa da tsabtar da ta kamata? Don na ji in ƙwayar cuta ta shiga gaɓa doki ya tafi ke nan.

MaiKili_Garwa:
Na ce wa ƙanena ya dakata tukuna, in ga abin da wata ɗaya na yashi da harawa zai yi. Bidiyon farko na ɗauka yau da asuba. Baba Shamaki, in Allah ya kai mu Ƙaramar Sallah yana tafiya daidai, zan iya hawansa zuwa Idi, tafiya kawai, ko in haƙura?

Baba_Shamaki:
Ka bari mu ga watan nan tukuna, ɗana. In ya sake, ka hau shi da sirdi marar nauyi, ka bi gefen hanya inda ƙasa take, ka dawo kafin a fara sukuwa, don in ya ji tambari ba zai yarda ya tsaya ba. Na san halin dawakin mahaifinku irin wannan. Ka turo wa jikana bidiyon in gani.